Ragon Suna Daga Kan Dutse

Shekarata tara a Jamaica, wata unguwa ta Queens a birnin New York, kafin na san jihar New York tana da duwatsu. Ni mutumin Gumel ne, inda in ka hau jaki kana iya hango garin gaba, kuma aikin da Allah Ya ba ni a nan bai ƙare ni da komai ba wajen sanin tudu. Bas nake tuƙawa a filin jirgin sama, daga wurin ajiye motoci zuwa ƙofar shiga. In sauke fasinja, in zagayo, in sake ɗauka. Tudun da na fi sabawa da shi shi ne 'yar gadar da ke hawa da mu bene na biyu na tashar.

Wanda ya san duwatsu a gidan da muke haya shi ne Alhajin da ke hawan ƙasa. Mutumin Agadas ne, ya haura saba'in, yana da tebur kusa da tashar jirgin ƙasa inda yake sayar da hulunan sanyi da safar hannu, in ruwa ya sauko ya fito da lema. Kafin ya zo Amurka ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙa babbar mota, wadda shi yake ce wa kamiyo. Ya bi duwatsun Ayar har Timiya da Iferwan, ya ƙetara zuwa Tamanrasat, ya kai albasa Kamaru ta hawan Gaundare, ya taɓa kai kaya Gini ta duwatsun Futa Jalon. Kowace kwana ta waɗannan hanyoyi ya san ta, ya san motar da ta faɗi a wurin, da abin da ta ɗauko, da garin direbanta. In muka zauna a bakin ƙofa bayan la'asar ran Lahadi, ba a rabuwa sai ya gangaro da mu daga wani dutse da birki ɗaya.

Amma ba shi da lasisin tuƙi na Amurka. Sau uku ya zauna jarrabawar takarda, sau uku yana faɗuwa, kuma ba don bai gane tambayoyin ba, domin 'yarsa ta fassara masa littafin kaf. Amsoshin ne bai yarda da su ba. In aka tambayi abin da direba zai yi in ya ga dabba a kan titi, shi sai ya nemi a fara gaya masa wace irin dabba ce, tunda yadda ake yi wa raƙumi daban, yadda ake yi wa akuya daban. Bayan karo na uku ya ce ba zai ƙara zuwa yara su raina shi ba.

A watan Oktoba na wata shekara 'yar tasa ta haihu a Park Hill, can Staten Island, ta samu ɗa namiji. Suna ya faɗo ran Litinin. Kowa a unguwarmu ya san yadda ake yi: ka je mahautar Musulmi da ke nan Queens, ka nuna rago a cikin keji, su yanka, su ba ka nama a leda. Alhaji ya ce jikansa na fari na namiji ba za a yanka masa ragon da ya tashi a gareji ba. Yana son ragon da ya ci ciyawa, ya sha iska, wanda zai buɗe bakinsa da hannunsa ya duba haƙora.

Hajiyar da ke hawa na uku ce ta ƙara wa wutar fetur. 'Yar zangon Kumasi ce, tana dafa wace, wato shinkafa da wake irin na Gana, da tuwon zafi tana kai wa shagunan mutanenmu. Ta ce ai ta san wata gona a duwatsun Catskill, awa uku arewa da birni, inda wani Bature yake kiwon tumaki, ta taɓa zuwa. Alhaji na jin kalmar duwatsu ya miƙe zaune sosai. A daren nan ya aiko matarsa wurin matata, kamar masu neman aure, a roƙa masa ni da motata ran Asabar. Motar tawa irin mai kujeru layi uku ce, ta kai yara makaranta. Matata ta amsa kafin a tambaye ni.

Ran Asabar bayan sallar asuba na fito na tarar Alhaji ya riga ya jera kaya a gefen titi. Jarka huɗu na ruwa. Rabin buhun dabino. Tayar ajiya guda biyu da ya aro, waɗanda daga baya na gano ba ma girman na motata ba ne. Shebur, igiya mai kauri, bargo uku, tocila, butar shayi da ɗan murhun gawayi, da wani rodi na ƙarfe da ban san amfaninsa ba. A kan kayan duka ya ɗora wani gungumen katako da aka sassaƙe gefe ɗaya, ya sa masa mariƙi. Ya ce waji ne, shi ya sassaƙa da kansa a ɗakin ƙasa cikin kwana biyu, don a riƙa tokare taya in mota ta tsaya a gangare.

Na ce masa, cikin ladabi, tafiyar awa uku ce, kuma kowane rabin awa akwai gidan mai da banɗaki da wurin sayar da kofi.

"Malam," ya ce, "dutse ba ya son wanda ya zo mashi hannu biyu. Waɗanda na gani sun mutu bisa hanya, duk tahiyar awa uku suka hito."

Muka cire kujerun baya muka loda. Kafin mu tashi ya koma ciki ya yi sallama da matarsa, ya nemi gafararta, ya gaya mata inda takardunsa suke. Ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu ɗan Haiti ƙofa shi ma ya nemi gafararsa, mutumin ya fito da rigar barci ya yafe ba tare da ya san abin da aka yi masa ba. Hajiya ta sauko cikin leshi da gwaggwaro kamar mai zuwa biki, riƙe da kula cike da wace. Ta zauna a kujerar tsakiya, Alhaji ya zauna gaba kusa da ni, ya yi addu'ar tafiya da ƙarfi, muka tashi.

Muka haye gada, muka ratsa Bronx, muka hau babbar hanyar arewa. Tun daga nan ran Alhaji ya fara ɓaci. Hanya shimfiɗe, layi uku, ba rami ko ɗaya. Ya ce wannan ba hanya ba ce, tabarma ce, ko makaho aka ba sitiyari zai kai. Da muka tsaya a wurin hutawar matafiya don Hajiya ta kama ruwa, ya fito da rodin nan ya bi tayoyi huɗu yana bugawa yana kasa kunne. Wata Baturiya da ke ba karenta ruwa a kusa ta ja karen ta koma can gefe. Ya dawo ya ba ni rahoto, fuska ba walwala, cewa duk lafiyarsu ƙalau.

Da matar da ke magana a taswirar waya kuwa tun a Bronx suka saɓa. Madam yake ce mata. In ta ce a ci gaba mil ashirin, sai ya tambaye ta ko ta taɓa zuwa. In ta yi shiru, ya ce ka gani, ba ta da amsa.

Wajen ƙarfe tara duwatsu suka fara bayyana a hagu. Ni dai na ga abin mamaki. Itatuwa sun rufe su tun daga gindi har kai, ganye ya koma ja da rawaya da ruwan goro, kamar an shanya atamfofi a kan gari guda. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko wata cuta ce ta kama dajin. Na ce haka ganye yake yi a nan kafin sanyi. Ya ce to, amma shi bai yarda da dutsen da ya sa riga ba. A Ayar dutse tsirara yake, kana ganin niyyarsa tun daga nesa.

Muka bar babbar hanya, muka bi ƙarama, daga ita muka bi wadda ta fi ta ƙanƙanta. Hanya ta fara hawa tana murɗewa, rafi yana bin mu a dama. A wata kwana Madam ta ce mu juya hagu, ba ta ƙarasa maganar ba waya ta rasa sabis, taswira ta zama farin fili da ɗigo shuɗi a tsakiya. A karon farko tun da muka baro gida Alhaji ya yi murmushi. Ya gyara zama, ya cire hularsa ya sake sakawa, ya ce yanzu aka fara tahiya.

Na juya na tambayi Hajiya ta ina za mu bi. A nan ne ta bayyana mana cewa zuwan da ta yi shekara shida ke nan, kuma barci ta yi tun daga gada har ƙofar gonar. Abin da ta riƙe kawai shi ne akwai wani babban rumbun katako ja, da saniya baƙa da fari a gabansa. Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyukan yankin nan ya san abin da wannan kwatance yake nufi. Kowace gona tana da jan rumbu. Kowane jan rumbu yana da saniya baƙa da fari, kamar tare ake sayar da su.

Alhaji ya karɓi jagoranci. Ya ce masu tumaki kullum sama suke zama, don haka duk inda hanya ta rabu mu ɗauki wadda ta hau. Ya kuma kafa doka cewa kafin kowace kwana sai na yi hon sau biyu, don in wani kamiyo yana gangarowa ya san da mu. Babu kamiyo. Babu kowa sai kurege da akwatunan wasiƙa. Haka muka riƙa ratsa dajin nan shiru muna hon, tsuntsaye suna tashi.

Muka wuce wani farin gida, wani tsohon Bature yana zaune a baranda da kofi a hannu. Ya ɗaga mana hannu, muka ɗaga masa. Muka hau, muka hau, kwalta ta ƙare, tsakuwa ta fara, sai ga mu a wani fili a gefen dutse inda ake hango kwari gaba ɗaya. Alhaji ya ce a tsaya injin ya huta. Filin yana da ɗan gangare, sai maganar waji ta taso.

A ƙa'idar kamiyo, direba yana taka birki, yaron mota, wanda Alhaji ke ce wa aparanti, ya dira da gudu ya tokare tayar baya kafin a saki. Ni ne direba, ba dama in sauka. Na nuna masa cewa motar tana da giyar fakin da birkin hannu, ya ce waɗannan na cikin gari ne. Ya waiga ya dubi Hajiya. Hajiya ta dube shi, ta gyara gwaggwaronta.

"Alhaji, ni na sayar da zani a Kumasi shekara goma sha biyar, ban taɓa ɗaga kaya na da kai na ba. Yau a Amurka zan zama karen mota? Ba zai yiwu ba koraa, ko kaɗan."

Sai Alhaji da kansa, da gwiwarsa mai ciwo, ya buɗe ƙofa ya dira, ya ruga baya rungume da katako, ya cusa shi ƙarƙashin taya, ya buga bayan mota da tafin hannu sau biyu alamar in saki. Na saki. Motar ba ta motsa ba, kamar yadda dama ba za ta motsa ba. Ya dawo yana haki, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla.

Ya hura gawayi a kan wani faffaɗan dutse ya ɗora shayi. Muka ci wace, muka sha zagaye uku, don ya ce ba a tashi a kan na biyu. A nan ya ba mu labarin ranar da birkinsu ya mutu a gangaren Timiya da lodin gishiri, suka sare kututturen dabino suka ɗaure a bayan mota da sarƙa, shi yana ja musu baya har suka sauka. Ya ce da suka kai ƙasa kututturen ya side ya koma kamar muciya. Na sha jin labarin a bakin ƙofa, amma ban taɓa jin sa ina kallon kwari a ƙarƙashin ƙafata ba. Na ɗan matsa baya daga bakin dutsen.

Muka ci gaba. Bayan kamar minti ashirin na hawa da sauka da hon, sai ga farin gida, ga tsohon Bature a baranda. Ya ɗaga hannu. Alhaji ya ce wani ne daban, Turawa in sun tsufa kama suke yi. Muka ɗauki ɗaya hanyar. Ta bi da mu ta wata gada ta katako, ta bayan wani coci, ta cikin wata gonar tuffa, ta sake kawo mu gaban farin gidan. Wannan karon tsohon ya sauko da kujerarsa har bakin titi, ya ɗaga mana yatsu uku.

Na taka birki ban nemi izinin kowa ba. Na sauke gilashi na gaishe shi, na ce gonar tumaki muke nema mai jan rumbu. Ya ce ai tun wucewarmu ta farko ya san rago muka zo saye, masu irin hulunanmu sukan zo masa, shi ya sa yake ta ɗaga hannu. Gonar tana bayan gidan. Rumbun kuwa shekara huɗu ke nan da matarsa ta sa aka yi masa koren fenti, saniyar ma ta mutu. Da na fassara, Hajiya ta ce to ai ba laifinta ba ne, laifin matar ne. Alhaji ya ce shi dama ya ji warin tumaki tun zuwan farko, yana so ne ya ga ko ni zan lura.

Tumakin da muka tarar a garke ba su yi kama da abin da muka sani ba. Gajeru ne, masu ƙiba, ulu ya rufe su har ido, ba ƙaho, wutsiya guntuwa. Alhaji ya zagaya ɗaya, ya danna bayansa, hannunsa ya nutse har wuyan hannu. Ya ce in gaya wa Bature shi rago ya zo saye ba katifa ba. Na sassauta maganar kafin na fassara. Tsohon ya sosa haɓa, ya ce akwai wani guda ɗaya, amma ba ya haɗa shi da sauran.

A wani keji can ƙarshen gona muka same shi. Dogo, ja da fari, gashi kwance irin na tumakinmu, ƙaho ya murɗe sau biyu. Yana ganin mu ya ja baya ya kai wa ƙofar kejin karo, katakon ya amsa. Tsohon ya nuna mana tabo a ƙwaurinsa, ya ce wannan aikinsa ne, haka ma ƙofar motar ɗaukar kayansa. Alhaji ya shiga kejin ba gardama, ya kama ƙaho da hannu ɗaya, ya murɗa kan a hankali har ragon ya durƙusa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa ƙirjinsa. Ya yi masa wata magana da Buzanci. Suka daidaita da mai gona cikin minti biyu, ban taɓa ganin mai sayarwa yana sauri haka ba. Har da kyautar damin ciyawa ya ƙara mana.

Muka ɗaure ragon a baya tsakanin jarkoki da tayoyin aro, muka shimfiɗa masa bargo ɗaya. Tsohon ya zana mana hanya a bayan ambulan. Ya ce gajeriya ce, amma gangare ne mai tsawo, mil shida ba hutu, mu yi a hankali.

Tun daga kan gangaren Alhaji ya ce in mai da giya ƙasa in bar injin ya riƙe motar, kada in kwanta a kan birki. Na ce to. Amma ni direban fili ne. Da na sa giyar ƙasa injin ya fara kuka, na ji kamar zai fashe, sai na mayar da ita yadda take a ɓoye, na ɗora ƙafata a kan birki na bar ta a wurin. Hankalin Alhaji yana baya, domin a kwana ta uku ragon ya kwance kansa. Ya fara da buhun dabino. Daga nan ya sako kai tsakanin kujeru ya ɗora haɓarsa a kafaɗar Hajiya, yana tauna, yana kallon hanya ta gilashin gaba kamar shi ma ya biya kuɗin mota. Hajiya ta ƙame ba ta motsi, tana karanta duk abin da ta haddace. Da dabinon bakinsa ya ƙare ya kama bakin gwaggwaronta ya fara ja, ɗaurin yana warwarewa a hankali.

Ina cikin dariya na ji wani wari kamar an ƙona roba da gashi. Na taka birki don shiga kwana, sai ƙafata ta tafi kusan ƙasa, motar ba ta rage gudu ba sai kaɗan. A dama dutse, a hagu ɗan shingen ƙarfe, bayansa kan itatuwa. Na sake takawa. Babu. Ban iya cewa komai ba sai "Alhaji," amma yadda na faɗe shi ya isa.

Bai ɗaga murya ba. Ya juyo ya dubi hanya, ya dafa gwiwata.

"Ɗaga ƙahwarka. Yanzu taka, saki, taka, saki. Mai da giya ƙasa, bar shi ya yi kukanshi. Kada ka dubi rami, dubi inda kake son zuwa."

Na yi yadda ya ce. Injin ya yi ƙara kamar zai fito ta cikin bonet, motar ta ɗan ja baya. Muka sha kwanar da ƙyar, jarkoki suka gangara gefe ɗaya, ragon ya zauna a kan cinyar Hajiya. Alhaji ya sa hannunsa a kan birkin hannu, ya danna maɓallin, ya riƙa jan sa kaɗan kaɗan yana saki, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Can gaba ya hango wata 'yar hanyar tsakuwa da ta rabu dama ta hau tudu, ta masu saran itace. Ya ce in shiga nan. Na karya sitiyari, tsakuwa ta riƙa dukan ƙasan mota, muka hau, muka hau, gudu ya ƙare, motar ta tsaya. Kafin ta fara tunanin komawa baya Alhaji ya riga ya dira. Na ji katako ya shiga ƙarƙashin taya, na ji tafin hannu sau biyu a bayan mota.

Na daɗe ban iya sakin sitiyari ba. Da na fito, hayaƙi yana tashi daga tayoyin gaba. Na ɗauko jarka zan zuba, ya hana ni, ya ce ƙarfe mai zafi in ya sha ruwa lanƙwashewa yake yi, a bar shi ya huce da kansa. Jarka huɗu muka ɗauko daga Queens, kuma a lokacin da aka ga wuta ya ce ba a zuba ruwa. Bai tambaye ni ko na bi maganarsa a kan giya ba. Ya sani, ni ma na san ya sani. Ya zauna a kan wani kututture yana murza gwiwarsa, ya ce shekararsa goma sha tara a ƙasar nan, yau ne karon farko da aka tambaye shi wani abu da ba farashin hula ba. Daga nan ya aike ni in ɗauko butar shayi.

Hajiya ta fito kai ba ɗauri, rabin gwaggwaron a hannunta, ɗaya rabin ya riga ya shige. Ta ce ita ba za ta ƙara shiga mota ɗaya da wannan dabba ba. Muka yi awa guda muna jiran birki ya huce muna lallashinta. A ƙarshe aka yi sulhu: ita ta koma gaba, Alhaji ya koma baya ya riƙe ƙaho. Muka yi sallar azahar da la'asar a kan bargo biyun da suka rage, muka gangara sauran hanyar a giyar ƙasa, a hankali kamar masu rakiyar gawa. Motoci goma sha wani abu suka yi layi a bayanmu, ba wanda ya yi hon. A gari na farko wani makanike ya duba birkin ya ce zai kai mu gida in ban yi hauka ba. Ya dai daɗe yana kallon ragon.

Mun iso Queens kafin magariba, muka wuce kai tsaye mahauta, inda Alhaji ya shirya za su ajiye masa ragon zuwa safiyar Litinin. Mai mahautar, wani ɗan Bangaladash mai jan gemu, ya fito ya taya mu sauke shi. Ya duba alamar da ke kunnen ragon ya yi dariya. Ya ce ai ya san wannan, sau biyu tsohon Baturen yana ƙoƙarin haɗa masa da shi yana ƙi. Daga gonar nan yake sayen tumakinsa, duk ran Alhamis ake kawo masa su a mota har ƙofa. Ya nuna mana keji. Ga katifun nan guda takwas a tsaye suna kallonmu.

Na ɗauka Alhaji zai ji kunya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce waɗannan kawo su aka yi, nasa kuwa zuwa aka yi aka ɗauko shi, kuma duk wanda bai ga bambanci ba bai san rago ba.

Ran Litinin na ɗauki hutun rabin yini, muka ƙetara zuwa Park Hill da nama a manyan robobi. An raɗa wa yaro suna, an yi addu'a, falo ya cika har baranda. Hajiya ce ta karɓi girkin, ta ce tsakaninta da wannan rago akwai magana. Awa huɗu tana dafa shi. Duk da haka da aka raba, falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai tauna. Wani dattijo ɗan Damagaram ya cire haƙoransa na roba ya duba su ya mayar. Mai jego ta ɗanɗana ta ajiye, ta ce wa mahaifinta da Turanci naman yana faɗa da ita. Alhaji ya ce haka naman dutse yake, yaron da aka yanka wa shi ba zai yi laushi ba. Shi kaɗai ya nemi ƙari, kuma da muka tashi tafiya ya sa aka naɗe masa ƙahon a jarida, ya riƙe shi a cinya har gida.